Mutanen Baure, Ku Nuna Mini Majalisar Dattawan Katsina

Mutanen Baure, ma'abota musu, ku matso kusa, yau da ku nake. Na san halinku sarai: ko wata aka ce muku ya tsaya, sai kun ce a dakata tukuna ku ji abin da Magarya ta ce. To ga tambaya, wanda ya ci kuwa goronsa na wuyana. A wane gini Majalisar Dattawan Jihar Katsina take zama, kuma wane ne shugabanta?

Na ga Alhaji ya gyara zaman hula zai ce Abuja. Koma ka zauna, Alhaji, ta Abuja ta ƙasa ce baki ɗaya. Na ga wani ɗan samari ya zaro waya; mayar da ita aljihu, yaro, kada ka ƙona datarka a banza. Babu ita. Katsina ba ta da majalisar dattawa, Kano ba ta da ita, Legas ma da duk kuɗinta ba ta da ita. Sashe na 90 na tsarin mulkin 1999 majalisa ɗaya tak ya ba kowace jiha, sashe na 91 kuma ya ce kada kujerunta su gaza 24, kada su haura 40. Tamu ta Katsina kujeru 34 gare ta, ɗaya a cikinsu taku ce, kuma wanda aka zaɓa kakakinta a 2023, Nasir Yahaya Daura, ɗan masarautarku ne. Wannan zaure guda shi ke yin doka, shi ke amincewa da kasafin kuɗi, shi ke tantance kwamishinoni, shi ke da ikon tsige gwamna. Duk abin da ya zartar, daga nan sai teburin gwamna, babu wani zaure a sama da zai ce a dawo da shi a sake dubawa.

Na ji wani daga bayan benci yana cewa, "To madalla, an rage mana masu ci." Riƙe wannan maganar, Malam, za mu dawo kanta, don akwai gaskiya a cikinta, sai dai ba ta kai yawan da kake zato ba.

A Amurka, inda muka aro tsarin shugaba mai cikakken iko a 1979, jihohi 49 cikin 50 kowace tana da zaure biyu, na wakilai da na dattawa. Nebraska kaɗai ta fita zakka, ta koma zaure ɗaya tun 1937. A galibin jihohin can, dattawan jiha su ne ƙalilan, wa'adinsu ya fi tsawo, su ke tantance mutanen da gwamna ya naɗa, kuma in 'yan zauren ƙasa suka tuhumi gwamna, dattawan ne ke zaman shari'ar. Mai ƙara daban, alƙali daban. Mu da muka tashi aro, sai muka ɗauko zaure biyu muka kai tarayya, muka bar jihohi da ɗai-ɗai.

Kada kuma wani ya ce mini haka muka gada tun kaka da kakanni. Baba da ke kan buzu can ya san ba haka ba ne, shirun da ya yi na jin daɗin ganin yara suna kuskure ne kawai. Arewa ta taɓa yin majalisa mai zaure biyu, zauren saman kuwa sunansa Majalisar Sarakuna. Tsarin mulkin Gwamna Richards, wanda ya fara aiki a farkon 1947, shi ya kafa ta a Kaduna tare da Majalisar Wakilai. Da farko shawara kawai suke bayarwa, Bature ya ɗauka ko ya ajiye. A 1951, ƙarƙashin tsarin Macpherson, aka ba su ikon yin doka. A ginin Lugard Hall suke zama, ginin da har gobe majalisar dokokin Kaduna ke amfani da shi. Duk sarkin yanka yana da kujera saboda rawaninsa, ba ruwansa da ƙuri'a. Sauran sarakuna kuma a zaɓo daga cikinsu, ga kuma kujerar mai ba da shawara kan shari'ar Musulunci. Bayan Turawa sun sakar mata kujerar shugabanci, Sarkin Gwandu Haruna ya daɗe yana riƙe da ita. Doka ba ta zama doka a Jihar Arewa sai ta bi ta gaban sarakuna. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda tsofaffin 'yan doka ke kira Final Kod, da aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960, sai da ya ratsa zaurukan biyu. Kuma a cikin majalisar ministocin Sardauna akwai sarakuna da ke zama ba tare da ma'aikata ba, irin su Sarkin Musulmi Abubakar da Sarkin Katsina Usman Nagogo da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi.

Hikimar zaure biyu ita ce ta mai tankaɗe: gari ya bi ta rariya ta farko, ya sake bi ta ta biyu, tsakin da ya kuɓuce wa wannan, waccan ta tare shi. Amma ku dubi waɗanda suka cika zauren ƙasa a wancan zamani. Yawancinsu ma'aikatan En'e ne, hakimai da 'ya'yan sarki da masu riƙe da sarauta. Misali na kusa da gida: lokacin da Sarkin Daura Abdurrahman ke bisa gado, wanda ya hau a 1911 ya rasu a 1966, Wamban Daura Muhammadu Bashar ɗan Majalisar Wakilai ne kuma minista a gwamnatin Sardauna, shi ne kuma ya gaje shi, ya yi sarauta har 2007. Iyaye a zauren sama, 'ya'ya a zauren ƙasa. Abin da ya riƙa ci wa Malam Aminu Kano da 'yan NEPU tuwo a ƙwarya ke nan: rariya biyu ne, amma hannu ɗaya ne ya saƙa su. Duk da haka ba za a ce sarakunan hoto ba ne. Gwamnatin da ta san ƙudirinta zai je gaban Sarkin Musulmi da Shehun Borno tana tauna shi da kyau kafin ta fito da shi. Sai dai da gwamnati ta yi ƙarfi, an ga inda iko ya koma: a 1963, bayan binciken kuɗin En'en Kano, Sarki Sanusi da kansa ya bar gado, kujerarsa ta zauren sama ba ta tsare shi ba. Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya rufe majalisun biyu. Da farar hula suka dawo a 1979, zauren ƙasa ne kaɗai ya dawo, sarakuna aka bar su da majalisar ba da shawara.

To yanzu mai cewa an rage masu ci, ga labarinka. A 1979 Baure tana cikin Jihar Kaduna, don sai 1987 aka yanke Katsina. Jama'a suka zaɓi Balarabe Musa na PRP gwamna, amma majalisar jiha 'yan NPN suka cika ta. Ya kai sunayen kwamishinoni, suka yi watsi da su. Ya sake kaiwa, suka sake. Haka ya yi mulki ba kwamishina. Ranar 23 ga Yuni 1981 suka tsige shi, gwamna na farko da aka yi wa haka a Najeriya, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Su ne masu ƙara, su ne masu yanke hukunci, babu zaure na biyu da zai ce a sha ruwa tukuna. Ko kana ganin daidai suka yi, ko kana ganin zalunci ne, wannan musun na bar muku shi, ku kai shi kasuwar Babban Mutum. Tsarin mulkin yanzu ya ɗan toshe ƙofar: sashe na 188 ya sa Babban Jojin jiha ya naɗa kwamitin mutum 7 su binciki zargin kafin a tsige. Amma a yau matsalar ta juya. Majalisun jihohi da yawa ba tsige gwamna ke damun su ba, amshin shata suka iya.

Zauren sama da ya rage mana shi ne na Abuja, kuma kuna da rabo a ciki ko kun so ko kun ƙi. Kujeru 109 ne: kowace jiha 3, Abuja 1. Kano mai ƙananan hukumomi 44 sanatoci 3 gare ta, Bayelsa mai 8 ita ma 3. A Majalisar Wakilai mai kujeru 360 yawan jama'a ake bi, shi ya sa Kano ke da 24, Katsina 15, Bayelsa 5. Zaure ɗaya yana ƙirga kawuna, ɗayan yana ƙirga jihohi, don kada masu yawa su danne marasa yawa. Ku kuna mazaɓar Katsina ta Arewa, wadda kowa ke kira shiyyar Daura, ƙananan hukumomi 12 da sanata guda: Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa da Daura, har su Mani da Mashi da Dutsi da Bindawa da Ingawa da Kusada da Kankiya. Kanti Bello ya zauna kujerar, Hadi Sirika ya zauna, Mustapha Bukar ya rasu a kanta a 2018. A zaɓen cike gurbinsa ne aka yi abin da ya dace da shiyyar masu musu: 'yan gida ɗaya daga Kankiya, Ahmad Babba Kaita a APC da ɗan'uwansa Kabir a PDP, suka fafata, Ahmad ya yi nasara. A 2023 kujerar ta dawo maƙwabtanku, hannun Nasiru Sani Zangon Daura, wanda dā ma ya wakilci Baure da Zango a zauren ƙasa. Na san tsakaninku da Zango akwai tsohon labari, tun ƙarni na 19 da aka yi Daura uku a lokaci guda, ta Fulani a birni, ga ta Zango, ga ta Baure, kowa da sarkinsa. Musun nan naku gado ne, ban ga laifinku ba.

"To mene ne suke yi in sun shiga, ban da gyangyaɗi a gaban kyamara?" Hajiya ce ta jefo wannan daga bayan labule, kuma tambaya ce mai kyau. Ranki ya daɗe, ga yadda abin yake. Sai an ajiye sandar majalisa zama yake zama, shi ya sa da wasu 'yan daba suka kutsa suka sure ta a watan Afrilu 2018, sai da aka ɗauko wata kafin a ci gaba. Sai kuma an sami kashi ɗaya bisa uku, wato mutum 37. Ƙudiri yana iya fitowa daga shugaban ƙasa ko daga sanata, ko ya hauro daga zauren wakilai. Karatu na farko sunansa kawai ake ambata. A karatu na biyu ake muhawara kan manufarsa, a nan ƙudirori da yawa ke mutuwa. Wanda ya tsira a miƙa shi ga kwamiti, kuma a kwamiti ake ainihin aikin, inda kyamara ba ta cika leƙawa ba: a kira zaman jin ra'ayin jama'a, a gayyaci ministoci da masana da ƙungiyoyi, a goge wannan sashe a ƙara wancan. Kwamiti ya kawo rahoto, a bi shi sashe-sashe, a yi karatu na uku, masu e su ce e, masu a'a su ce a'a, shugaba ya auna da kunnensa ya buga guduma. Kunnen shugaban majalisa kuwa, Hajiya, wani lokaci yana da ɓangaren da ya fi ji.

Daga nan sai a aika wa ɗaya zauren su maimaita duk wannan. In abin da suka zartar ya saɓa, ko da kalma ɗaya ce, sai a haɗa kwamitin daidaitawa. In an daidaita, shugaban ƙasa yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu bisa uku na kowane zaure suka sake amincewa, ta zama doka ko ba hannunsa. An yi haka a shekarar 2000, lokacin da majalisa ta tsallake Obasanjo ta kafa hukumar raya yankin Neja Dalta. Ga kuma wani abin da masu kiran sanata babban yaya ba su sani ba: in rigimar kasafin kuɗi ta gagari kwamiti, zaman haɗin gwiwa ake yi, a nan kuwa 360 sun rinjayi 109, girma sai dai na kujera. Inda dattawa suka keɓanta shi ne tantancewa. Minista, jakada, Alƙalin Alƙalai, shugaban hukumar zaɓe, gwamnan Babban Banki, duk sai sun bi ta gabansu.

Yanzu bari in ba ku gaskiyarku, kada ku ce na karɓi kwangilar wanke su. Tantancewar nan sau da yawa rusunawa ce kawai, a ce wa mutum ya duƙa ya wuce don ya taɓa zama ɗan majalisa. A watan Mayu 2024 an sauya taken ƙasa cikin 'yan kwanaki, alhali ƙudirorin da suka shafi cikin talaka sukan shekara a kwamiti. Kuɗi kuwa, ba daga bakin maƙiyi aka ji ba. Sanata Shehu Sani ya faɗa a 2018 cewa kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 a wata na tafiyar da ofis, Sanata Kawu Sumaila kuma ya shaida wa sashen Hausa na BBC a 2024 cewa abin ya kai miliyan 21. Shi ya sa masu cewa a soke ta ba su rasa abokan tafiya ba. Senegal ta soke tata a 2012, ta ce kuɗin a kai wa waɗanda ambaliya ta shafa. Muritaniya ta bi sahu a 2017. Na ga kuna gyaɗa kai. Ku gyaɗa, amma ku dakata da tafi.

Ranar 16 ga Mayu 2006, a zauren nan da kuke zagi, ƙarƙashin Ken Nnamani, aka binne gyaran tsarin mulkin da zai ba Obasanjo zango na uku. Wa ya hau a 2007? Umaru Musa 'Yar'aduwa, gwamnan jiharku. Kun ci ribar a'a ɗin dattawa kun goge baki. Su ne kuma suka ƙi Ibrahim Magu a matsayin shugaban hukumar yaƙi da cin hanci har sau biyu, a 2016 da 2017, alhali gwamnatin shugaban ƙasa ɗan Daura ce ta aiko da sunansa, kuma jam'iyyarsa ce ke da rinjaye a zauren.

Wanda ya fi shafar ku kuwa bai yi nisa ba. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da Shugaban Nijar Bazoum a Yamai. ECOWAS, da Tinubu ke shugabanta a lokacin, ta ba da wa'adin mako ɗaya, ta ce in ba a mayar da shi ba, har ƙarfin soja na kan tebur. Aka rufe iyaka, aka yanke wa Nijar wuta. Ku da kuke kwana da iyaka a bayan ɗaki, ku da rabin danginku ke Magarya da Damagaram, ba sai an gaya muku inda harsashin farko zai faɗa ba. To sashe na 5 na tsarin mulki ya ce ba a tura sojan Najeriya fagen yaƙi a wajen ƙasa sai da amincewar Majalisar Dattawa, shelar yaƙi kuwa sai zaurukan biyu sun haɗu sun yarda. Shugaban ƙasa ya rubuta wa dattawa wasiƙa. Sanatocin Arewa suka fito fili suka ce ba su goyon bayan yaƙi. Jihohi 7 ne ke iyaka da Nijar, daga Kebbi zuwa Borno, wato sanatoci 21 da suka san in an harba, gidajensu za a harba. Ranar 5 ga Agusta, bayan zaman sirri, majalisa ta ce a bi hanyar siyasa da sulhu.

Na san abin da za ka ce, Malam, tun kafin ka buɗe baki: ba su kaɗai suka hana ba. Gaskiya ne. Malamai sun je Yamai, Janar Abdussalami da Sarkin Musulmi sun je, Muhammadu Sanusi na biyu ya gana da jagoran juyin mulkin Janar Tchiani, jama'a ma ba su yi shiru ba. Shugaban majalisar da kansa ya ce wasiƙar ba ta nemi izinin yaƙi ba. Kuma a'a ɗin nasu bai buɗe muku iyaka ba, sai a watan Maris 2024 aka buɗe, bayan 'yan kasuwar dabbobi da na hatsi sun ji jiki. Amma duk waɗancan roƙo suke yi. A cikin masu cewa kada a yi, majalisa ce kaɗai doka ta ce sai an nemi yardarta. Shugaban da ya ga alamar ba za ta bayar ba, dole ya sake lissafi.

Sai dai ku faɗa mini tsakani da Allah, in sanata ya zo gida, wa ke tambayarsa wane kwamiti yake, ko me ya ce ranar da aka yi maganar Nijar? Layi ake yi: wannan kuɗin asibiti, wancan babur, wata keken ɗinki, wani buhun taki, mai unguwa kuma rijiyar burtsatse. Na yarda, yunwa ba ta jiran karatu na uku. Amma gina rijiya aikin shugaban ƙaramar hukuma ne da gwamna, kuma mutumin da kuka nuna wa cewa babur ne ma'aunin aikinsa, babur zai riƙa nema, a wurin ministan da ya kamata ya titsiye da tambaya. In kuwa ya gundure ku, sashe na 69 ya ba ku kiranye: fiye da rabin masu rajistar mazaɓa su sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. An gwada a Kogi kan Dino Melaye a 2018, abin ya watse tun wurin tantance sa hannu, kuma har yau kiranye bai raba wani sanata da kujerarsa ba. Ku da ƙananan hukumomi 12, ina son in ga ranar da Baure da Kankiya za su sa hannu a takarda ɗaya ba a yi gardamar wa zai fara ba.

Saura mai cewa, "To a kafa mana ta Katsina mana, a maido da sarakuna ko a zaɓi dattawa." Ni dai ban saya ba. Zauren da bai iya ce wa gwamna a'a ba, in ka yi masa ƙane, e biyu za ka ji, ka biya albashi biyu. Ku leƙa tsallake ku ga: a 2009 Shugaban Nijar Tandja Mamadou ya kawo tsarin mulkin tazarce, a cikinsa har da majalisar dattawa sabuwa fil, amma kafin ta kafu, sojoji suka ɗauke shi a watan Fabrairu 2010, tsarin da ya biyo baya ya koma zaure ɗaya. Sarakuna kuwa, a yau gwamna ke ba su sanda, shi ke iya karɓewa. Yadda aka sauke Sarkin Kano a 2020 ya ishi mai kallo. Ka zaunar da sarki a zauren da zai ƙi ƙudirin mai riƙe da takardar naɗinsa, ba ka kyauta masa ba.

In kun dage sai an yi, hanyar a buɗe take, sashe na 9 ya shimfiɗa ta. A gyara sashe na 90, kashi biyu bisa uku na dattawa da na wakilai su amince, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su sa albarka. Wato ɗan majalisarku na Baure da 'yan'uwansa 33 za ku je ku roƙa su ɗaga hannu a kawo waɗanda za su riƙa duba musu aiki suna dawo musu da shi. Alhaji, kai ne mai bakin magana, kai za ka jagoranci tawagar. Kuɗin mota zuwa Katsina ni zan biya, na dawowa kuwa ku nema wurin Onorabul.